Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo



A farkon watan Satumba na 2024, cikin damanar nan da ta bar mu da kuka a jihar Maraɗi da sauran jihohin Nijar, wani labari ya zo mana daga Damagaram. Tsohon masallacin Birni, unguwar da fadar Sarki take, ya rushe. Ginin ƙasa ne da aka yi wajen tsakiyar ƙarni na 19, watau ya haura shekara 150 yana tsaye. Ya ga sarautar Tanimun. Ya ga shigowar Nasara a 1899. Yana nan lokacin da Damagaram take babban birnin ƙasa, daga 1911 zuwa 1926, yana nan kuma aka sami 'yancin kai a 1960. Sai ga damana ɗaya ta kwantar da shi.

Kowa ya ji ya ce ikon Allah. Gaskiya ne, ruwan 2024 ya wuce misali. Ɗaruruwan mutane sun rasu, dubban gidaje sun faɗi, kuma ran mutum ɗaya ya fi kowane gini. Amma duk da haka akwai abin tambaya. Wannan masallaci ba maraya ba ne a takarda. Tun ran 30 ga watan Yuni 1997 ƙasarmu take da doka mai lamba 97-022 ta tsare kayan tarihi da al'adu. Tun 2006 kuma gwamnati ta miƙa sunan unguwar Birni da fadar Damagaram ga UNESCO, watau hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a cikin jerin wuraren da take fatan a karɓa su zama kayan gadon duniya. Lokacin da masallacin ya rushe, shekara 18 ke nan sunan yana cikin jeri. Takarda tana nan lafiya lau, ba ta jiƙe ba. Masallaci kuwa ya tafi.

Saboda haka na ga ya kamata mu tsaya mu auna wannan dabara ta tsare tsofaffin gine-gine da unguwanni ta hannun kwamiti. Ba na cewa a yi watsi da ita. Abin da nake cewa shi ne, kwamitin da iyakar aikinsa rubuta suna da hana taɓawa ba zai tsare ginin ƙasa ba. Ginin ƙasa hannu yake so kowace shekara, hannun nan kuwa na mutanen gari ne.

Daga ina dabarar ta fito?

Wataƙila wani bai taɓa jin labarin irin wannan kwamiti ba. Ga yadda abin yake. Hukumar gari takan zaɓi waɗansu mutane, ta ce su zagaya su rubuta gidaje da masallatai da ƙofofi da unguwannin da suka daɗe kuma suke da tarihi. In an shigar da gini cikin wannan littafi, mai shi ba ya da ikon rushe shi ko sake masa kama sai ya nemi izni. Faransa ta yi babbar dokarta ta tsare gine-ginen tarihi a 1913, a 1962 kuma ta ƙara wata da ta shafi unguwa ɗungum, ba gida ɗaya ba. A birnin Niyok na Amurka, sai da aka soma rushe wata ƙasaitacciyar tashar jirgin ƙasa a 1963, mutane suka yi ta ƙorafi, sa'an nan a 1965 aka yi dokar da ta ba kwamitin gari ikon hana irin wannan ɓarna.

Dabara ce mai kyau a inda aka haife ta. Amma mu lura da abu guda. Gine-ginen da aka yi waɗannan dokoki dominsu na dutse ne da ƙonannen bulo da ƙarfe. Babban abokin gabarsu shi ne mai kuɗin da ke son ya rushe ya gina sabo. In ka riƙe hannunsa, ginin zai iya jiran gyara shekaru masu yawa. Mu kuwa babban abokin gabar gininmu ruwa ne, ba ya kuwa neman iznin kwamiti. Ginin dutse, in ka hana a taɓa shi, ka yi rabin aiki. Ginin ƙasa, in ka hana a taɓa shi, ka yanke masa hukunci. Mun ɗauko dokar mutane da ofishinsu da hatiminsu, muka manta da tambayar ko ciwonmu ɗaya da nasu.

Yadda ginin ƙasa yake rayuwa

Duk wanda ya taɓa miƙa wa magini tubali ya san abin da zan faɗa, amma yaranmu da yawa ba su sani ba. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana, sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Magini yakan jera su kai sama, yana cika tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango yakan yi kauri, yana sirancewa zuwa sama, don ya ɗauki nauyin kansa. In soro ne, sai a ɗora azara, wadda aka fi so ta giginya domin gara ba ta cika cinta ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe. A manyan ɗakuna, gwanaye sukan ɗaure azara cikin ƙasa su yi bakan gizo da ɗaurin guga, har ka ga rufi mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya.

Abin da ke kare wannan aiki duka shi ne fatarsa. Akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana haɗa ta da ƙasa a yi yaɓe, ruwa ya riƙa zamewa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da dafara, shi ne simintin kakanninmu, da shi ake shafe rufin soro. Akwai indararo, wanda ke tofar da ruwa nesa da bango. Ruwa yana shiga gini ta wuri uku: ta rufi, ta kan bango, ta gindi. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a bisa, azara ta riƙa shan laima har ta ruɓe. In yaɓe ya zaizaye, tsaga ta buɗe, to, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuma aka ɗaga titi ya fi daɓen gida tudu, ko leda ta cika magudana, ruwa ya tsaya a gindin bango yana cinsa a hankali.

Wani ya ce, to a shafe shi da siminti mana a huta. Nan ne mutane da yawa suka yi kuskure da kyakkyawar niyya. Siminti ba ya kama ƙasa. Zafi da sanyi sukan raba su, ya tsattsage, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita. Daga waje ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Yaɓen ƙasa in ya gaji kowa yana gani, sai a sake. Na siminti yakan ɓoye ciwo har ranar da bango zai zube gaba ɗaya.

A da, wa yake kula da wannan? Kowane babban gari yana da Sarkin Magina, shi ke raba aiki, shi ke duba ginin fada da masallaci. In an gama kaka, ƙasa ta bushe, sai a shiga gyara. Maƙwabta su yi gayya, yara su ɗebo ruwa, mata su yi fura. Ganuwa kuma sarki ne yake sa a gyara ta, kowace unguwa da kowane ƙauye da rabonsu. Kada mu yi wa tarihi kwalliya, a cikin aikin ganuwa akwai guminta bayi da aikin tilas, ba kuwa mai hankalin da zai ce a koma can. Amma tsarin yana da abu biyu da kwamitocinmu suka rasa: an san ranar aiki, an san wanda za a tambaya in ba a yi ba.

Darasin Agadas

A ƙasarmu, inda aka fi kusa da samun kwamitin gari na sosai shi ne Agadas. Tsohon garin yana da unguwa 11, da fadar Sarkin Abzin, da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, aka sake ta a 1844. A 2013 UNESCO ta karɓi tsohon garin cikin kayan gadon duniya. An kafa ofishi a cikin garin kansa, wanda ake kira CECOGAZ a taƙaice, don ya kula da shi, ya duba masu neman iznin gini, ya yi aiki tare da hukumar gari da fada.

Abu biyu sun yi daidai a nan. Na ɗaya, masu aikin suna zaune cikin garin, mai gida yana iya taka ƙafa ya same su, su ma suna iya taka ƙafa su ga tsaga da idonsu. Na biyu, ba a ture fada gefe ba. Hasumiyar nan ba takarda ce ta riƙe ta shekaru ɗaruruwa ba. Sarki da maginan gari da jama'a ne suke sake mata yaɓe lokaci lokaci, itatuwan da ka ga sun fito daga jikinta kuwa su ne matakan magina. Ofishi ya tarar da al'ada tana aiki, ya jingina da ita.

Amma ko a lokacin da aka karɓi garin, masu binciken UNESCO sun lissafa abubuwan da ke damunsa: gidajen bulon siminti da suka soma kutsawa, rufin kwano, wayoyin lantarki da suka yi saƙa a sama, manyan tallace-tallace da ake zanawa a bango, da rashin magudanan ruwa. Damanar 2024 ma ba ta ƙyale tsohon garin ba, ta taɓa gidaje a ciki. Abin da wannan ya nuna shi ne, ofishi yana iya cewa kada ka sa kwano, amma in ba ya da abin da zai taimaki talaka ya sayi azara, maganarsa ba ta wuce bakin ƙofa. Garin da ya dogara da baƙi masu yawon buɗe ido da taimakon waje don ya yi yaɓe kuma, ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa yaɓe ya tsaya. Agadas ta ɗanɗana wannan tun da rashin kwanciyar hankali ya kori baƙi daga arewa. Damana kuwa ba ta fasa zuwa don baƙi ba su zo ba.

Darasin Kano da Zariya

Mu leƙa kudu wajen 'yan'uwanmu na Nijeriya, inda da yawanmu muke zuwa cin rani. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. A 1979 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ganuwar Kano tana cikin abin da aka damƙa mata. A 2007 aka miƙa sunan ganuwar ga UNESCO cikin jerin masu jira, kamar yadda aka yi wa Birnin Damagaram. Duk wanda ya bi ta gefen badala a 'yan shekarun nan ya ga abin da ya rage. An yanka filaye, an gina kantuna da gidaje, an kwashe ƙasarta an yi bulo. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata da kayan zamani.

Me ya faru? Mai riƙe da takardar tsarewa daban, mai raba fili da yin hanya daban. Ɗaya na tarayya ne, ɗaya na jiha. In suka yi karo, mai katafila ne ke yin nasara. Jama'ar da ke zaune a gindin ganuwa kuma ba wanda ya ce musu tasu ce, balle su tsaya mata. Abin da aka ce na gwamnati ne, a idon mutane ba na kowa ba ne.

A Zariya kuwa abin ya zo da rasa rai. Masallacin Juma'a na birnin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a cikin shekarun 1830, masana gini na duniya suna lissafa shi cikin mafi kyawun aikin Hausawa. Ran Juma'a 11 ga watan Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashensa ya rufta, mutane suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Wannan ya isa ya nuna mana cewa duba tsohon gini ba sha'awa ba ce ta masu son tarihi. Tsohon ginin da ake shiga, in ba a duba shi, tarko ne.

A saurari mai gida

Yanzu bari in juya in faɗi abin da masu kukan tarihi ba su cika son ji ba. Mutumin da ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na siminti ba maƙiyin kakanninsa ba ne. Ni kaina a gabana aka rushe zauren kakana. Zaure ne mai sanyi, in ka shiga da bazara kamar ka shiga randa. A nan ake sauke baƙi, a nan aka ɗaura auren iyayenmu. Amma kowace shekara yana son hannu shida ko bakwai na kwana da kwanaki. Samarin gidan kuwa da an ɗaure gero sun kama hanya, wani Kano, wani Legas, wani Agadas, wani Libiya, daga 2014 kuma aka ƙara da wuraren haƙar zinariya irin su Jado. Lokacin cin rani shi ne lokacin yaɓe. Tsoho ɗaya da mata ba su iya hawa soro. Shekara uku ba a taɓa shi ba, azara biyu suka karye, aka ji tsoro saboda yara. Da kuɗin cin ranin aka sayi bulo da kwano. Yau in rana ta take ba mai iya zama ciki, sai a fito gindin bedi. Na ji ciwo, amma wa zan ba laifi?

Kayan aikin ma sun yi wuya. Karofi ya mutu a garuruwa da yawa, to ina za a sami katsi? Ɗorawa ta ragu a gonaki. Azarar giginya daga nesa take zuwa, da tsada. Magini gwani in ya tsufa, ɗansa ya gwammace ya koyi ɗora bulo, domin nan aiki yake. Kwamitin da bai san wannan ba, ya zo da takarda ya ce wa talaka kada ka taɓa gidanka, ya zalunce shi sau biyu: ya hana shi sabo, bai taimake shi ya riƙe tsoho ba.

An ga haka a Jenne ta ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, yana nan garau, domin kowace shekara gari duka yakan fito rana ɗaya a yi masa yaɓe, abin ya zama biki. Amma gidajen unguwa, waɗanda aka sa cikin gadon duniya a 1988, masu su sun daɗe suna kukan an hana su gyara irin wanda suke so, alhali ba su da ƙarfin riƙe su yadda ake so. A 2016 aka sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Gari ɗaya, ƙasa ɗaya, magina ɗaya. Abin da jama'a suka ɗauka nasu ya tsaya, abin da aka ɗora musu yana tangaɗi.

Yama da Dandaji

Ba sai mun je Mali ba. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, a 1962 mutanen gari suka shirya gina masallacin Juma'a. Suka ba wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, jagorancin aikin. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace, wani hatsi. Daga 1975 zuwa 1982 aka sake masa rufi, aka ƙara hasumiya huɗu. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake nema daga ƙasashen Musulmi duka. Ba kwamitin da ya zo daga Yamai ya ce su yi.

A Dandaji kuma, nan cikin jihar Tawa, tsohon masallacin gari ya gaji, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har ana maganar a rushe shi. Wata 'yar ƙasarmu mai ilmin zanen gini, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara. Aka gina sabon masallaci babba a gefe da bulon ƙasa wanda aka matse da inji. Tsohon kuma aka kira maginan da suka san shi tun farko suka gyara shi, aka mai da shi ɗakin karatu. An gama aikin a 2018. Wurin da aka yi sujada shekaru, yara da manya, maza da mata, suka sami inda za su buɗe littafi.

Ku dubi hikimar da ke ciki. Ba a ce wa mutane ku haƙura da matsi saboda tarihi ba, an ba su sabon da suke bukata. Ba a kulle tsohon an rataya masa allo ba, an ba shi aiki. Ɗakin da ake shiga kullum, in ya fara yoyo a ranar za a sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ɗakin da aka kulle kuwa sai jemage da gara.

To, mu fa?

Wani zai ce, mu mutanen Sarkin Hausa da Mayahi da Tasawa me ya haɗa mu da wannan zance, mu da ba mu da hasumiya ba mu da badala? Ai mu ya fi shafa, domin namu ba wanda zai zo daga waje ya rubuta shi. Maraɗi ta riga ta nuna mana yadda gari ke ɓata. A 1945 gulbi ya cika ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, Nasara suka mai da mutane bisa tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu. Garin da Katsinawa suka zauna bayan jihadi ya tafi da lungunansa. Tasawa kuma tsohon zango ce a kan hanyar ayari tsakanin Abzin da Katsina da Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka cikinta a watan Janairu 1851, ya rubuta labarin garin da kasuwarsa. Yaron Tasawa da ke son sanin kamannin garinsu a wancan zamani, littafin baƙo zai nema. A Maijirgi akwai kaburburan Voulet da Chanoine, sojojin Faransa da suka ƙone garuruwa suka kashe bayin Allah a 1899. Ba don girmama su za a kula da wurin ba, sai don jikokinmu su ga shaida da ido, kada wani ya zo ya ce musu ba a yi ba.

Kowane gari namu yana da abinsa: tsohon masallaci, zauren hakimi ko na maigari, rijiyar da aka kafa gari a kanta, kufan da aka taso daga ciki, maƙera, tsohuwar makarantar allo, ajin farko na lakkwal. In za a kafa kwamiti a ƙaramar hukuma, ni ina goyon baya, amma da sharuɗɗa.

Na farko, a zaunar da magini a ciki, ba don ado ba, a ba shi murya daidai da ta mai takardar makaranta. A sa liman, da wakilin hakimi, da mata, domin su ke wuni cikin gida, su ke fara ganin laima a bango. A sa samari, tun da su za su hau.

Na biyu, kada jeri ya yi tsawo. Gini uku da za a iya riƙewa sun fi talatin da za a rubuta a manta. A fara da na jama'a. Gidan mutum kuwa kada a sa shi sai da yardarsa, in an sa shi a taimake shi.

Na uku, a yanka rana. Zagaye biyu a shekara: ɗaya bayan kaka, kafin samari su watse, a yi babban yaɓe, ɗaya da bazara, kafin watan bakwai na manoma, a buɗe indararo, a share magudana, a toshe tsaga. Tun ran gini ran zane. In magini ya ce gini ya zama haɗari, a hana shiga a ranar, kada a jira taro.

Na huɗu, a ware ɗan kuɗi cikin kasafin ƙaramar hukuma kowace shekara, ko da na amalanken ƙasa ne da ladan magini da abincin 'yan gayya. Kuɗin yaɓen shekara goma bai kai na sake gini sau ɗaya ba. Kuma kada mai ba da fili ko mai yin hanya ya taɓa wurin da ke cikin jeri sai kwamiti ya sa hannu, don kada mu maimaita abin da ya faru a Kano.

Na biyar, kowane tsohon magini a haɗa shi da yaro biyu, a biya su. A dasa ɗorawa, a tsare goribar Gulbin Kaba. Ginin da ba mai iya gyara shi ya riga ya faɗi, ko da yana tsaye.

Na shida naku ne, ku ɗaliban yaƙi da jahilci. Littafin kwamiti da Hausa za a rubuta shi, da boko ko da ajami, ba da harshen da mutum biyar kaɗai ke ji a gari ba. Ku ɗauki alƙalami ku je wajen tsofaffi. Wa ya gina wannan zaure? A zamanin wane hakimi? Daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasa? Yaushe aka yi masa yaɓen ƙarshe? Ku auna tsawo da faɗi da taki, ku zana, mai salula ya ɗauki hoto. In an yi haka, ko Allah ya ƙaddara gini ya faɗi, za a san yadda yake, za a iya tada shi. Wannan aiki ba ya bukatar izni daga Yamai, ba ya bukatar ko dala.

Mutanen Damagaram sun yi rashi, mu ma mun yi, domin masallacin nan na Hausawa ne duka. Abin da ya rage shi ne kada namu ya zama ihu bayan hari. Idan ka gama karanta wannan, ɗan'uwa, ka karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ku tashi ku zagaya bayan tsohon masallacin garinku, ku dubi gindin bango, ku ɗaga kai ku dubi indararo. Abin da kuka gani ku faɗa wa maigari tun sama ba ta haɗa hadari ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da gidajenmu. Amin.